Bature a Cikin Akwatin Anti Zipporah

Duk wanda ya san Anti Zipporah a Greensboro ya san cewa baɗi za ta koma gida. Ta faɗa a coci, ta faɗa a shagon da ake sayen manja da garin tuwo a titin Gate City Boulevard, ta faɗa wa duk wanda ya rage mata hanya a mota. Ba wanda ya taɓa ƙaryata ta, domin kusan kowane ɗan Najeriya a garin haka yake cewa. Magana ce kamar gaisuwa: ka faɗa, a ce maka Allah ya kai mu, a ci gaba da hira. A cikin shekarun nan duka mutum ɗaya ne ya ɗauki maganar da gaske, shi ma don Bature ne, bai san halinmu ba. Shi ya ɗora mata kayan da ta yi shekara biyu ba ta sami wurin saukewa ba.

An haifi Zipporah a wani ƙauye a gindin duwatsu, ba nisa da Kafanchan, a gidan manomin doya da citta. Kafin ta iya rubuta sunanta ta iya riƙe garma, kuma har yau in ta ga ƙasa mai kyau sai ta tsuguna ta murza ta a hannu, ko da tana cikin kayan coci. Ta gama firamare a makarantar mishan, ta yi aiki a ɗakin shan magani na ikilisiya, inda ta koyi wanke ciwo da juya majinyaci ba tare da ta ɓata fuska ba. Ta auri Josiah, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai ƙarancin magana. Jirgi ya daina zuwa, albashi ya bi shi, daga baya shi ma Josiah ya kwanta ya rasu, ya bar mata 'ya'ya biyu, Eli da ƙanwarsa Confidence.

Wankan jego ne ya kawo ta Amurka. 'Yar ƙanwarta ta haihu a Greensboro ba babba a kusa, aka nema wa Zipporah bizar wata shida. Ta zo da akwati guda da daddawa a naɗe leda kan leda, ta bar zannuwanta masu kyau a gida, tunda ba daɗewa za ta yi ba. Kafin watannin su cika rikici ya tashi a garinsu, wuta ta ci layinsu duka har da ɗan shagonta. Eli ya kira ya ce, "Mama, ki ɗan dakata tukuna, ba inda za ki sauka." Ta dakata. Ta sami aikin kula da tsofaffi, abin da take aikawa ya zama bulo, ya zama kwanon rufi, ya zama makarantar jikoki. Biza ta ƙare shiru, ba wanda ya buga mata ƙofa. 'Yar ƙanwar ta bi mijinta Texas. Zipporah ta wayi gari a cikin tarkon da ba a ganin igiyarsa: in ta fita ƙasar ba za a bar ta ta dawo ba, in kuwa ba ta dawo ba, tukunyar gidan Eli ta sauka daga kan wuta ke nan.

A sabon gidan da aka gina, Eli ya ware mata ɗaki mai taga biyu. Duk Asabar Confidence takan zo daga gidan mijinta ta share shi, ta kaɗe katifa, ta ɗaga waya ta nuna wa uwar gado da labule. Ta ce, "Mama, yaushe?" Uwar ta ce, "Baɗi, in takardar izinin zama ta fito." Ita ma a nan tana da akwatinta a bayan ƙofa, kullum a shirye, maƙil da tsaraba. In takalman jikoki suka yi musu kaɗan tun ba su gan su ba, sai ta cire ta raba wa yaran coci, ta sayo masu girma ta mayar. Rabin yaran Sande Sukul da takalman jikokinta suka girma.

Mama Salomi, shugabar zumuntar mata a cocinsu, ita ta haɗa ta da aikin kula da wani tsoho a Pleasant Garden, can wajen gari. Gidaje ne a warwatse, kowanne a tsakiyar filinsa kamar ya yi faɗa da maƙwabci, ba bas, ba kasuwa, ba mai tafiya a ƙafa sai barewa. Zipporah kuwa ba ta tuƙi. Baba Elnathan, dattijon ikilisiya da ke da gida da 'yar gona a yankin, shi yake sauke ta ranar Litinin ya ɗauke ta ranar Asabar. A tsakani, iyakar tafiyarta daga kicin ne zuwa bakin titi, ta tsaya ta duba hagu ta duba dama, ta dawo.

Mai gidan sunansa Wilfred Hollick, amma ita Baba take ce masa, don bakinta ba zai iya kiran sunan mai furfura gatsau ba. Mutumin Ingila ne, daga wani ƙauyen masunta a gaɓar gabas. Ya zo Greensboro yana saurayi don gyaran injinan masaƙa, ya auri Ba'amurkiya, masaƙu suka rufe, matar ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ƙafafunsa sun ƙi, amma kai garau yake, baki kuwa kamar rediyon da makunninsa ya lalace. Abu ɗaya yake ƙauna a duniya, tarihin mutanen tsibirinsu tun daga fari. Littattafai sun cika masa ɗaki har kan kujeru, kuma tunda abokansa duk sun riga shi, Zipporah ce ta zama ajinsa gaba ɗaya.

A kan teburinsa akwai wani abu baƙi mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Ranar farko ta ɗauka za ta tokare ƙofa da shi, tsohon ya kusa faɗowa daga keken guragu. Haƙori ne, in ji shi, na wata irin giwa mai gashi da ta ƙare a duniya, kuma tarun babansa ne ya janyo shi daga ƙasan teku.

"Giwa a cikin teku, Baba?"

"Da can ba teku ba ne," in ji shi, yana gyara zama irin na wanda ya sami nama. "Ƙasarmu ba tsibiri ba ce a lokacin. Inda jiragen kamun kifi suke yawo yau, fili ne mai ciyawa da koguna. Mutanen farko a ƙafa suka shigo, suna bin namun daji, da yara a goye. Sai ƙanƙara ta narke, ruwa ya fara tasowa. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan. Kaka ya ga fadama, jika ya ga tafki, har wata shekara hanya ta rufe. Kullum ina tunanin mutum na ƙarshe da ya tsallako. Ƙila mace ce, ta zo ganin 'yar'uwarta, ta ce za ta koma in ruwa ya janye."

Zipporah ta ce shayinsa yana hucewa. Ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe tana wanke kofin da ba datti a jikinsa.

Haka darasi ya riƙa tafiya a baranda bayan karin kumallo. Bayan masu ƙafa sai masu kwale-kwale, da shanu da tumaki da irin alkama. Su suka ja manyan duwatsu daga nesa suka kafa su a da'ira, har yau ba wanda ya tabbatar da dalili. Zipporah ta ce dalili ai a fili yake, maza ne suka gama girbi suka rasa aikin yi. Sai masu tagulla, waɗanda suke binne manyansu a ƙarƙashin tulin ƙasa, wani a kwantar da shi da tukunyarsa a gefe, wani a ƙona shi a zuba tokar a tulu. Da ya nuna mata hoton irin wannan kabari, ta gyara tabarau ta ce, "Wannan ai kunyar doya ce, irin wadda babana yake tarawa, sai dai mai ita ya cika zari." Tsohon ya yi dariya har sai da ta bubbuga masa baya. Maganar ƙona mutum kuwa cewa ta yi Allah ya kiyaye, ta ɗauka abin zamanin duhu ne da ya wuce tare da giwa mai gashi.

Sai masu ƙarfe da suka gina garuruwa a kan tuddai don tsoron juna, abin da ta gane sarai, domin kakanninta ma a kan dutse suka zauna saboda mahara. Sai Romawa da miƙaƙƙun hanyoyinsu da doguwar katangarsu a arewa, suka yi kusan shekara ɗari huɗu suka kwashe sojojinsu suka tafi. Sai Angal da Sakson, waɗanda suka ba ƙasar suna da harshe. Sai mutanen arewa masu dogayen jirage, da suka fara da fasa gidajen ibada suka ƙare da noma da auren 'yan gari. Daga ƙarshe Normawa suka tsallako daga Faransa, suka kashe sarki a yaƙin yini guda, suka cika ƙasar da gidajen dutse. A nan tarihin Baba yake tsayawa. Abin da ya biyo baya, in ji shi, gulmar sarakuna ce kawai. Sai ya ɗauko haƙori a sake daga fari.

"Ashe ku ma an ci ku da yaƙi," ta ce masa wata rana, da wani ɗan daɗi a ranta da ba ta ɓoye ba. "Mu a makarantar mishan an nuna mana kamar da takalmi aka haife ku."

"An ci mu, an sake cin mu," in ji shi. "Kowa baƙo ne a can, Zipporah, bambancin kawai wa ya riga wa. Kuma kusan duk wanda ya shigo bai fita ba. Waɗanda ruwa ya rufe wa hanya ba su zaɓi zama ba, amma su suka zama 'yan ƙasa."

Shekara huɗu suka yi a haka, suka shaƙu, tana yi masa faten masara yana ci yana hawayen barkono yana neman ƙari. Duk tsawon lokacin ba ta taɓa gaya masa zancen takarda ba, don abin kunya ne a wurinta, kuma ba a buɗe wa mai gidan aiki irin wannan. In ya tambaya yaushe za ta ga jikokinta, ta ba shi amsar da take ba kowa. Shi kuwa Baba, mutumin da ya yi rayuwarsa da inji, in aka ce masa baɗi to baɗi yake ji.

Wani rani jikinsa ya fara yin ƙasa. Wata safiya tana yanke masa farce ya ce a bayan ƙauyensu akwai irin tudun kabarin nan, a kansa yake zama yana yaro yana hangen jirgin babansa. "Kin ce baɗi za ki gida," in ji shi. "Jirgin Najeriya ta London yake bi. Ki tafi da ni, ki sauke ni a gindin tudun nan, sannan ki wuce."

To, a inda Zipporah ta fito, in tsoho ya fara maganar mutuwarsa ba a yi masa gardama, balle a ce masa a'a. Kuma a saninta kai gawa gida aikin dangi ne da mota da taron jama'a. Iyakar nata ta bi ayari, ta yi waƙa, ta raka shi har inda aka ce a tsaya. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, zan raka ka. Ba za ka tafi kai kaɗai ba." Ya ce ta yi alkawari. Ta yi, har da sunan Allah.

Ya rasu lokacin da ganye ke zuba. Zipporah ta goge kayan zumunta tana jiran a sanar da ranar jana'iza, shiru. Bayan 'yan makonni sai ga ɗan ɗan'uwan matarsa, wanda ya gaji gidan, wani mutum mai duba agogo tun kafin ya gaisa. Ya same ta a gidan da take haya a Gate City Boulevard, ya miƙa mata kwali mai girman kular abinci, ya ɗora haƙorin giwa a kai. Ya ce wasiyyar tsohon ce a ba ta, ita za ta kai shi Ingila. Ya gode mata ƙwarai, godiyar wanda aka sauke wa buhu.

"Ina Baban yake?" in ji ta.

"Ga shi nan a hannunki."

Ta zauna a kan matakala da kwalin a cinya. Nauyinsa bai wuce na jaririn da aka haifa yau ba. Tsoro ya kama ta, da tausayi, da haushi, duk a lokaci guda: mutumin da ta yi shekara huɗu tana shafa wa mai don kada fatarsa ta tsage, shi aka sa a wuta. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi alkawari a kai. Ta naɗe kwalin da zanen zumunta, ta buɗe akwatin tsaraba, ta yi masa wuri a tsakanin takalman jikoki. Ba ta gaya wa Dalila ba. Dalila ita ce abokiyar hayarta, Musulma ce mutuniyar Maraɗi, tana kitso a wani shago a titin. Tukunyarsu ɗaya, kuma ba abin da suke ɓoye wa juna sai wannan.

Ta fara neman wanda zai raka shi a madadinta. Da Disamba ta matso, masu takarda suna ɗaure kayan zuwa gida, ta ja Mama Salomi gefe bayan sujada. Mama Salomi ta saurara har ƙarshe, ta dafa ƙirji.

"Zipporah, kin san ina ƙaunarki. Amma ƙonannen mutum a jaka ɗaya da turaren surukata? In 'yan kwastan suka buɗe in ce musu me, garin kunu? Kuma mu transit muke yi a London, ko ƙofa ba a barinmu mu leƙa. Please, ki nemi wata hanya."

Wani ɗan coci mai aikin kai kaya ya ce abin ai ba wuya, ta gidan waya ake aikawa, har kwali na musamman gare su. Wannan ya fi ƙin Mama Salomi ɓata mata rai. A garinsu gawa ba ta tafiya ita kaɗai. Ko a bayan a-kori-kura aka ɗora ta, sai wani nata ya zauna kusa yana tare akwatin a kan gargada, yana gaya wa mamacin sunan kowane gari da aka wuce. Ita ta yi wa Josiah haka tun daga asibitin Jos har ƙofar gida. A manna wa Baba kan sarki, a jefa shi a buhu tare da saƙonnin mutane, ya isa inda ba wanda ya san shi? Ta ce ba da ita za a yi wannan ba.

Har ta kai ga tunanin ta sadaukar da komai, ta fita, ta sauke shi, ta wuce gida gaba ɗaya, su Eli su ci abin da Allah ya hore. Baba Elnathan ya kai ta wurin wata lauya mai kirki. Matar ta ce ko da ta yarda ta rasa Amurka, da wuya Ingila ta ba wanda ya zarce biza izinin shiga ko na yini guda. Ƙofa a rufe ta baya, a rufe ta gaba. A mota Zipporah ta ce wa Baba Elnathan doka ai tana canzawa, ƙila baɗi. Dattijon ya ƙara sautin rediyo.

Ta sami wani aikin a gidan wata tsohuwa, rayuwa ta ci gaba. Duk safiyar da ta kwana a ɗakinta takan dafa akwatin ta ce, "Baba, mun tashi lafiya?" Ta ba shi labarin sanyi, da wanda ya haihu, da wanda aka kama. Alkawarin yana damunta ƙwarai, wannan ba ƙarya ba ne. Amma akwai abin da ba ta faɗa wa kanta ba: muddin Baba yana cikin akwati, ita matafiya ce mai saƙo a hannu, ba wadda ta maƙale ba.

Dalila ce ta fasa ƙwan. Za ta biki Ohio, akwatinta ya yage, ta ce bari ta ari na Zipporah tunda ba inda yake zuwa. Ta zazzage takalma, ta kwance zane, ta karanta abin da ke rubuce a jikin kwalin. Ranar Asabar Zipporah ta dawo daga aiki ta tarar da Baba a kan teburin falo an lulluɓe shi da farin mayafi, Dalila kuma a can bakin ƙofar kicin, hannu a harɗe.

"Tanti, wane ne wannan?"

"Baba ne. Wanda na yi wa aiki a Pleasant Garden."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara biyu ina sallah a gidan nan, ina girki, da mutum a bayan ƙofa. Franchement, tsakani da Allah, Tanti, ba ki kyauta mini ba."

Zipporah ta ba ta haƙuri, ta zauna ta ba ta labarin tun daga haƙorin giwa har lauya. Dalila ta saurara, har ta share ido da bakin gyale. Sannan ta ce, "Bon. Nawa mai sauƙi ne, na yafe. Amma shi fa? Haƙƙin mamaci ƙasa ce, a addininku da namu. Tsohon nan ya yi shekaru a keke bai taka waje ba, ya mutu, kin sa shi a akwati kin ja zif. Ba rakiya kike yi masa ba, Tanti. Tsare shi kika yi ya taya ki jira."

"In takarda ta fito..."

"Ni ma baɗi nake cewa, tun 'yata Oumaima ba ta shiga lakwal ba, ko ajin farko. Bara aka yi mata aure, a waya na kalla. Mu mun san abin da muke nufi in mun faɗa. Shi bawan Allah bai sani ba."

Zipporah ta ɗauki kwalin ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kwanaki suka wuce ba ta ci girkin Dalila ba. Ta ji zafin maganar har cikin ƙashi, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta juya ta ta kowane gefe ba ta sami ƙarya a ciki ba.

Wata Lahadi bayan sujada ta tsuguna a gaban Baba Elnathan ta roƙi ɗan wuri a gefen gonarsa da za ta binne tsohon. Ya ce, "Alkawarin fa?" Ta ce, "Na karya shi, Baba, Allah yana gani. Ba zan iya kai shi ba, amma ba zan ƙara barinsa a jaka ba." Dattijon ya kalli takalminsa, ya ce ta shirya ranar Asabar.

Safiyar Asabar ɗin, farkon bazara, ya zo ya ɗauke su. Dalila ta rufe shago ta biyo su ba wanda ya roƙe ta. Zipporah ta zauna a baya da kwalin a cinya, ta tare shi da hannu biyu duk da titin ba gargada. A hankali take magana: "Baba, mun bar Gate City. Ga mu a kan babban titi. Mun wuce gada. Baba, ga Pleasant Garden, ga kwanar gidanka can, an yi masa sabon fenti."

Gonar tana bayan gidan Baba Elnathan, inda matan coci suke shuka yakuwa da kuɓewa da gauta. Ta zaɓi wuri a bakin itatuwa, jar ƙasa mai danƙo. Baba Elnathan ya fito da garmar da ya taho da ita daga gida shekaru da yawa, ya ce zai haƙa, ta ce a'a. Ta ɗaura zane a ƙugu ta haƙa da kanta. Ta sa kwalin a tukunyar ƙasa da ta saya a shagon kayan Afirka, ta ajiye haƙorin giwa a gefe, ta rufe. Sannan ta fara jan ƙasa daga kewaye tana tarawa, tana zagayawa da baya kamar yadda babanta ya koya mata, tana daddaɓewa da bayan garma. Bayanta ya riƙe, Dalila ta miƙa mata ruwa, ta sha ta ci gaba. Ba ta tsaya ba sai da tulin ya kai mata ƙugu, kunyar da ba doyar da za ta buƙaci irinta. Baba Elnathan ya cire hula ya yi gajeriyar addu'a.

Zipporah ta dafa ƙasar ta ce, "Baba, na ce zan raka ka, to iyakar inda ƙafata ta kai ke nan. Ruwa ya rufe hanya. Ba baɗi zan tafi ba, tun a lokacin ma na sani, na ji kunyar gaya maka. Matar nan da ka ce ita ce ta ƙarshe da ta tsallako, ganin 'yar'uwa ta je, ni wankan jego na zo. Ka yafe mini."

Suna tsaye wayarta ta yi ƙara. Confidence ce, kamar kowace Asabar, da tsintsiya a hannu. Ta juya wayar ta nuna gado, ta nuna labule, ta ce ta canza zanen gado sabo. "Mama, yaushe?"

Amsar tana bakin Zipporah a shirye, ta saba fitowa da kanta. Ta haɗiye ta.

"Confidence, ajiye tsintsiyar nan. Ki gaya wa Eli ya sa yara a ɗakin, sun yi girma da kwana a falo. Takalmansu kuma zan ba Mama Salomi ta kawo a Disamba, tun suna shiga ƙafa."

"Mama, me kike nufi?"

"Abin da kika ji, 'yata."

Confidence ta zauna a bakin gadon ta fara kuka a hankali, tsintsiyar tana hannunta. Ba wadda ta kashe waya. Zipporah ta tsaya da jar ƙasa har gwiwa tana kallon labulen ɗakin da ba ta taɓa kwana a ciki ba, har 'yarta ta tashi ta fito ta ja ƙofar.